Daga Bindiga Zuwa Luguden Wuta

A Illela na tashi, inda ɗan acaɓa zai tsallaka da kai Birnin Ƙonni kafin shayinka ya huce. Shi ya sa kalmomin yaƙi ba baƙi ba ne a kunnena, ko da yake na daɗe ban tsaya na tambayi asalinsu ba.

Tsofaffin cikinsu ta hanyar fatauci suka shigo, a bayan raƙuman da ke ratso Sahara. Bindiga daga Larabci take, bunduƙiyya. Albarushi shi ne albarud. Harsashi kuwa daga arrasas, wato dalma, ƙarfen da ake narkawa a zuba shi ƙwaya-ƙwaya. Sunayen haja ne, abin da ake tayawa a sallama, kuma maharba da 'yan bindigar sarki sun riƙe su ba tare da wani firgici ba.

Igwa daban take. Ita ba mu taya ta a kasuwa ba, aukuwa ta yi a kanmu. A watan Mayun 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine, bayan ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, ta iso Birnin Ƙonni tana jan igwa. Garin yana da ganuwa, mutanensa kuma sun dogara da ita kamar yadda kakanninsu suka dogara. Ganuwar ba ta tsare kowa ba, aka yi wa garin kisan da har yau ake lissafa shi cikin mafi muni a tarihin mulkin mallakar Faransa. A lokacin babu wannan iyaka da muke nuna takarda a kanta. Waɗanda aka kashe dangin mutanen wannan yanki ne, jini ɗaya, harshe ɗaya. Ranar 15 ga Maris 1903 kuma Ingilishi suka kafa tasu igwar da bindiga mai ruwa a bayan garin Sakkwato, dawakan Sarkin Musulmi Attahiru suka kasa kaiwa gare su. A 1906 ma haka aka shafe ƙauyen Satiru.

Da wuta ta koma saukowa daga sama, sai muka ari bam daga Turanci, muka yi masa jam'i irin namu, bama-bamai. Amma aikin kansa daga tsakar gida muka ɗauko sunansa. Lugude shi ne mata biyu ko uku su tsaya kan turmi ɗaya, taɓarya na tashi wata na sauka, da tafi da waƙa. Yau rediyo na cewa jiragen yaƙi sun yi luguden wuta, ko sun yi ruwan bama-bamai, a ƙasar da manomi ke kwana yana roƙon Allah ruwa.

Wannan aron na lugude yana damuna ƙwarai, domin yana sauƙaƙa abin a baki. A Disambar 2023 jirgi marar matuƙi ya saki bam kan masu Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, mutane fiye da 80 suka rasu. Ranar 25 ga Disambar 2024, nan kusa da mu a ƙaramar hukumar Silame, harin da aka ce an kai wa mayaƙan Lakurawa ya ci rayukan mutanen ƙauyukan Gidan Sama da Rumtuwa. Ina roƙon 'yan jaridarmu, idan za su ba da irin wannan labari, su fara da sunan ƙauyen da adadin waɗanda aka binne, kafin su kai ga lugude.