Tarihin Ƙungiyar Ƙwallon Kwando ta Houston Rockets da Nasarorinta

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta. Haka abin yake ga manyan ƙungiyoyin wasanni, domin kowace da irin tarihin da ya bambanta ta da sauran. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bin diddigin ƙungiyar ƙwallon kwando ta Houston Rockets da ke jihar Teksas ta ƙasar Amurka, tun daga kafuwarta a 1967. Dalilin zaɓen wannan ƙungiya shi ne, kofuna biyu kacal ta taɓa ci a babbar gasar ƙasar da ake kira NBA, kuma dukansu ta ci su ne a ƙarƙashin jagorancin wani haifaffen birnin Legas, wato Hakeem Olajuwon. Za a duba asalin ƙungiyar da faɗi-tashinta da shekarun ɗaukakarta, sannan a tattauna wata tambaya da masu sharhi suka daɗe suna yi, wato ko nasarorin nan biyu cancanta ce ta kawo su ko kuwa sa'a.

2.0 Asali da Ƙaura

An kafa ƙungiyar a birnin San Diego na jihar Kalifoniya, lokacin da wani attajiri mai suna Robert Breitbard ya biya dala miliyan 1.75 domin a shigar da ita gasar NBA. An raɗa mata suna Rockets, wato rokoki, saboda a wannan birni ake ƙera rokar nan mai suna Atlas. Farkon tafiyar bai yi daɗi ba, don kuwa a kakar wasa ta 1967/68 wasa 15 kawai ta ci, aka doke ta a 67.

A nan ya kamata mai karatu ya san wata al'ada ta wannan gasa. A kowace shekara ana jera matasan 'yan wasa da suka fito daga jami'o'i, sai ƙungiyoyi su riƙa zaɓa bi da bi, kuma waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta gabata su ake bai wa damar fara zaɓe. Manufar ita ce kada mai ƙarfi ya yi ta ƙara ƙarfi, mai rauni kuma ya dawwama a ƙasa. Ta wannan hanya Rockets ta sami Elvin Hayes a 1968, wanda ya fi kowa zura ƙwallo a gasar tun a shekararsa ta farko. A 1970 kuma ta ɗauki Rudy Tomjanovich da Calvin Murphy.

Duk da haka 'yan kallo ba su cika zuwa ba, kuɗi kuma ya yi ƙaranci. Saboda haka a 1971 aka sayar da ƙungiyar ga wasu 'yan kasuwar Teksas a kan dala miliyan 5.6, suka mayar da ita Houston. Sai aka yi gamon katar, domin a Houston ne cibiyar da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka take kula da tafiye-tafiyen 'yan sama jannati. Sunan rokoki ya zauna daram, ba a bukaci canja shi ba.

3.0 Zamanin Moses Malone da Dogaye Biyu

Ƙungiyar ba ta fara zama abin tsoro ba sai da ta sami Moses Malone a 1976. Malone mutum ne mai naci a ƙarƙashin kwando, kuma sau biyu ana zaɓensa gwarzon ɗan wasan gasar yana Houston, a 1979 da 1982. A tsakanin waɗannan shekaru wani mummunan abu ya faru. Ranar 9 ga Disamba, 1977, ana cikin wasa da Los Angeles Lakers faɗa ya kaure, wani ɗan wasa mai suna Kermit Washington ya naushi Tomjanovich a fuska, har ƙasusuwan fuskarsa suka karye, ya kusa rasa ransa. Ya warke ya koma fili, kuma kamar yadda za a gani nan gaba, Allah ya ajiye masa wani babban rabo a wannan ƙungiya.

A 1981 Rockets ta kai wasan ƙarshe na gasar a karon farko, alhali a kakar wasa 40 ta ci, ta sha kashi a 42. Boston Celtics ta doke ta da ci 4 da 2 a jerin wasannin ƙarshen. Da Malone ya koma Philadelphia a 1982 sai ƙungiyar ta durƙushe, ta ci wasa 14 kawai cikin 82. Amma faɗuwar ta zo daidai da zama. Shekara biyu a jere, 1983 da 1984, aka jefa kwabo domin a raba gardamar wanda zai fara zaɓe, kuma duka biyun Rockets ce ta dace. A karon farko ta ɗauki Ralph Sampson mai tsawon mita 2.24, a na biyu kuma ta ɗauki Olajuwon. A wannan zaɓe na 1984 ne Chicago Bulls ta ɗauki Michael Jordan a matsayi na uku. Zargin da aka yi cewa wasu ƙungiyoyi na faɗuwa da gangan don su sami zaɓen farko shi ya sa hukumar gasar ta koma yin ƙuri'a daga 1985.

Dogayen nan biyu sun kai ƙungiyar wasan ƙarshe a 1986 bayan sun fitar da Lakers mai riƙe da kofi da ci 4 da 1. Celtics ta sake tare musu hanya da ci 4 da 2. Kowa ya ɗauka gobe tasu ce, sai dai kana taka Allah na tasa. Gwiwoyin Sampson suka lalace har aka sayar da shi a ƙarshen 1987, sannan a farkon wannan shekara hukumar gasar ta kori Lewis Lloyd da Mitchell Wiggins saboda shan hodar iblis. Olajuwon ya wayi gari kusan shi kaɗai yake ɗauke da kayan.

4.0 Wane ne Olajuwon?

An haife shi a Legas ranar 21 ga Janairu, 1963, iyayensa Yarbawa ne Musulmi masu sana'ar sayar da siminti. Da ƙuruciyarsa mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu. Bai taɓa ƙwallon kwando ba sai da ya kai kimanin shekara 15, lokacin da makarantarsa, Kwalejin Horon Malamai ta Musulmi da ke Legas, za ta shiga wata gasar wasanni ta makarantun horon malamai da aka yi a Sakkwato, aka roƙi a saka shi cikin tawagar saboda tsawonsa. A 1980 ya isa Jami'ar Houston, inda ya yi wasa a ƙarƙashin mai horarwa Guy Lewis tare da Clyde Drexler. A lokutan hutu yakan gwada ƙwanji da Moses Malone a wani zauren wasanni na gari, kuma a nan ya koyi jure wa gogayya. Sau biyu jami'arsa tana kaiwa wasan ƙarshe na gasar jami'o'i, a 1983 da 1984, tana faɗuwa. A karo na biyu Jami'ar Georgetown ce ta doke su, wadda Patrick Ewing ke jagoranta.

Abin da ya bambanta shi da sauran dogayen 'yan wasa shi ne saurin ƙafa da iya yaudarar mai tsaro, kuma shi da kansa ya sha danganta wannan baiwa ga ƙwallon ƙafar da ya buga a Legas. A farkon shekarun 1990 ya ƙara riƙo da addininsa, kuma a 1991 ya gyara rubutun sunansa daga Akeem zuwa Hakeem. Yakan yi azumin Ramadan ko da akwai wasa. A Fabrairun 1995, watan da ya dace da azumi, shi aka zaɓa gwarzon ɗan wasan wata.

5.0 Shekarun Ɗaukaka: 1994 da 1995

A Fabrairun 1992 aka naɗa Tomjanovich mai horar da ƙungiyar. Tsarinsa mai sauƙin fahimta ne: a miƙa wa Olajuwon ƙwallo kusa da kwando, idan mutum ɗaya ke tsaronsa ya zura, idan kuma biyu suka taru a kansa ya jefa wa wanda aka bari a sake a can nesa, ya yi jifa mai maki uku. Don haka aka kewaye shi da gwanayen jifa irin su Kenny Smith da Vernon Maxwell da Robert Horry da Mario Elie da Sam Cassell.

Kakar 1993/94 ta fara da nasara 15 a jere, ta ƙare da 58. A zagayen fitar da gwani Phoenix Suns ta ci su wasa biyu na farko har gida, wata jaridar garin ta yi musu ba'a cewa Houston birni ne na masu shaƙewa idan an zo gaɓar tsanani. Suka farfaɗo suka fitar da Phoenix. A wasan ƙarshe suka haɗu da New York Knicks ta Patrick Ewing. Knicks na gaba da ci 3 da 2, kuma a daƙiƙun ƙarshe na wasa na shida John Starks ya yi jifan da zai ba su kofi, sai Olajuwon ya taɓa ƙwallon da yatsunsa ta kauce. Ranar 22 ga Yuni, 1994, Rockets ta ci wasa na bakwai da maki 90 da 84. Olajuwon ya rama abin da Ewing ya yi masa shekara goma da suka wuce, ya kuma zama ɗan wasa na farko da ya haɗa lambobin gwarzon kaka da gwarzon mai tsaro da gwarzon wasan ƙarshe a shekara guda.

Kofi na biyu ya fi wuya. Ƙungiyar ta yi ta tangal-tangal, har a Fabrairun 1995 ta ba da Otis Thorpe ta karɓo Drexler daga Portland. Ta ƙare da nasara 47, a matsayi na shida a shiyyar yamma. Daga nan ta fitar da Utah Jazz mai nasara 60, ta fitar da Phoenix mai 59 bayan an ba ta rata da ci 3 da 1, ta fitar da San Antonio Spurs mai 62 wadda David Robinson, gwarzon kakar, ke jagoranta. A ƙarshe ta share Orlando Magic ta Shaquille O'Neal da ci 4 da nema. A tarihin gasar ba a taɓa samun ƙungiyar da ta ɗauki kofi daga matsayi na ƙasa haka ba kafin ita.

6.0 Cancanta ko Sa'a?

Masu suka kan ce Rockets ta yi wasa ne lokacin da mai gida ba ya nan, domin Jordan ya ajiye wasa a Oktoban 1993. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya game da 1994. Amma Jordan ya dawo a Maris na 1995, kuma yana cikin fili Orlando ta fitar da Bulls, ita Orlandon da Rockets ta share. Haka nan a shekaru ukun da Bulls ta yi tana cin kofi a jere, daga 1991 zuwa 1993, ƙungiyoyin biyu sun haɗu sau shida, Rockets ta ci biyar. Gaskiya ne cewa wasan kaka daban, wasan ƙarshe daban, kuma ba su taɓa haɗuwa a wasan ƙarshe ba. Sai dai wanda ya bi ta kan ƙungiyoyi huɗu mafiya ƙarfi a shekara guda, da wuya a ce sa'a kaɗai ta kai shi.

7.0 Bayan Olajuwon

Ƙungiyar ta kawo Charles Barkley a 1996 da Scottie Pippen a 1999, amma haƙa bai cim ma ruwa ba. Olajuwon ya koma Toronto a 2001, ya yi ritaya a 2002 bayan ya kaɗe jifa 3,830, adadin da ya zama mafi yawa a kundin gasar. A 2002 Rockets ta zaɓi Yao Ming ɗan ƙasar Sin, wanda ya jawo mata miliyoyin magoya baya a can. Shi da Tracy McGrady sun kasance cikin tawagar da ta ci wasa 22 a jere a 2008, amma raunin ƙafa ya tilasta wa Yao barin wasa a 2011.

James Harden ya zo a 2012. A 2017 Tilman Fertitta ya sayi ƙungiyar a kan dala biliyan 2.2, alhali Leslie Alexander ya saye ta a 1993 a kan miliyan 85. A kakar 2017/18 ta ci wasa 65, amma a wasa na bakwai da Golden State Warriors 'yan wasanta suka ɓarar da jifa mai maki uku sau 27 a jere, aka fitar da su ana dab da wasan ƙarshe. Bayan tafiyar Harden a 2021 ta shafe shekara uku a ƙasan tebur. A 2023 ta ɗauki Ime Udoka, wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne kuma ya taɓa buga wa Nijeriya wasa, a matsayin mai horarwa. A kakar 2024/25 ta ci wasa 52.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa Rockets ta tara taurari da yawa, tun daga Hayes da Malone har zuwa Yao da Harden, amma kofi bai shigo ba sai a lokacin da aka sami gwani ɗaya da ya yi haƙurin shekara goma a gida ɗaya, da mai horarwa da ya gina tsari daidai da baiwarsa. Akwai kuma abin tunani ga Nijeriya. Yaron da aka gano ta dalilin gasar makarantu ta Sakkwato ya zama ɗan ƙasar Amurka a 1993, kuma da rigar Amurka ya ci lambar zinariya a wasannin Olimfik na Atlanta a 1996. A 2022 hukumar NBA ta sa wa kofin gwarzon mai tsaro sunansa. Tambayar da ta rage ga hukumomin wasanninmu da jami'o'inmu ita ce, Olajuwon nawa ne ke yawo yau a Legas da Kano da Jos ba tare da filin wasa ko mai horarwa da zai gano su ba?