Filin Tsakiya a Gidajen Tsofaffin Holan

Masu zayyana gidajen tsofaffi a Turai yanzu suna tallar lambu da bishiyoyi da hasken rana kamar su suka gano su. Ƙasar Holan ta riga su da shekara ɗari shida. A 1395 aka kafa Hofje van Bakenes a birnin Haarlem da dukiyar wani ɗan kasuwa, Dirck van Bakenes, kuma har yau da mutane a ciki. Fasalin irin wannan gida, wato hofje, kusan ɗaya ne ko'ina: ƙananan ɗakuna sun kewaye fili, kowace ƙofa na kallon ciki, mashiga ɗaya ce daga titi, tamkar tsakar gida. Leiden kaɗai tana da guda 35, yawanci an gina su ne don tsofaffin matan da mazajensu suka rasu ko barorin da ƙarfi ya ƙare musu.

Abin da ake mantawa shi ne ba don ado aka bar filin ba. A da, a kan ciyawarsa ake shanya wanki rana ta faranta shi, a tsakiyarsa kuma famfon ruwa yake. Dole tsohuwa ta fito kullum, dole ta gamu da maƙwabciya, ranar da ba a ga gilmawarta ba kuwa a ƙwanƙwasa mata ƙofa. Wani zai ce ganin ganye kaɗai ya wadatar, ya kafa hujja da binciken Roger Ulrich na 1984, inda majinyatan da tagarsu ke kallon bishiyoyi suka riga masu kallon bango barin asibiti. Gaskiya ne, sai dai kwanaki kaɗan waɗancan suka yi a kwance. Mai shekaru a wuri ɗaya kallo ba ya isar sa, sai da dalilin taka ƙasa.

Sukar da ta fi nauyi ita ce hofje gidan sharaɗi ne: a da masu kula da shi ke zaɓen wadda za ta shiga, sau da yawa bisa cocinta, da dare kuma a kulle ƙofa. Wannan laifin doka ne, ba na gini ba. Manyan benayen da aka gina bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun karɓi jama'a da yawa, amma sun raba tsoho da ƙasa. Da aka buɗe De Hogeweyk a garin Weesp a 2009 don masu ciwon mantuwa, tsohon fasalin aka koma: ƙananan gidaje na mutum shida ko bakwai, lambuna a tsakani, kantin da mazauna ke zuwa cefane da ƙafarsu, da mashiga ɗaya.