KAFIN A AZA TUBALIN FARKO: YADDA MAGABATA SUKE ZAƁEN MAGINI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya raya mu har muka ga wannan rana ta aza harsashin ɗakinSa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku iyayenmu sarakuna da malamai, da sauran 'yan'uwa na ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kowa ya san inda kuɗin wannan aiki ya fito. Wani buhun masara ya sayar, wani ɗan maraƙi, wata kuwa kwasar adashinta ta kawo. An tara shi ne a shekarun da rashin tsaro ya hana mutane da yawa noma gonakinsu na nesa. Sa'an nan in an gama ginin, ɗaruruwan bayin Allah ne za su riƙa tsayuwa a ƙarƙashin rufinsa sau biyar kowace rana. Saboda haka tambayar wa za a danƙa wa aikin, tambaya ce ta dukiya da ta rai. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihi, mu ga yadda na gabanmu suka yi nasu zaɓen, domin mu amfana da shi a nan, kowa kuma ya amfana ranar da zai gina gidansa ko ya gyara.

Daga Makka da Madina

Malaman tarihi sun kawo cewa sa'ad da Manzon Allah (S.A.W.) yake da shekara 35, watau shekara 5 kafin aike, Ƙuraishawa sun sabunta ginin Ka'aba bayan ambaliya ta raunana shi. A daidai lokacin wani jirgin ruwa ya fashe a gaɓar Shu'aiba, kusa da Jidda. Suka sayi katakonsa, suka kuma ɗauki wani gwani baƙo da ake kira Baƙum ya yi musu aiki. Ga su masu alfahari da nasaba, amma da aka zo ga sana'a, wanda ya iya suka nema. Har ila yau suka yi sharaɗi kada a sa kome cikin aikin sai dukiyar halal. Dukiyar ta gaza, suka taƙaita ginin, suka bar wani sashe a waje, shi ne wurin nan da alhazai suka sani da Hijiru Isma'il.

A Madina kuwa, a shekarar hijira, 622 Miladiyya, an gina masallacin Annabi da tubalin ƙasa, ginshiƙansa kututturen dabino, rufinsa ganyen dabino. An ruwaito cewa wani sahabi mutumin Yamama, Ɗalƙu ɗan Aliyu, ya tarar ana aikin gini a masallacin. Da Manzon Allah ya ga yadda ya ƙware wajen kwaɓa ƙasa, sai ya yi umurni a bar masa wannan sashe na aikin. Manyan sahabbai suna wurin, sun fi shi daɗewa a Musulunci, amma kwaɓi aka ba wanda ya fi iya kwaɓi.

Ƙasar Mali da birnin Katsina

Wannan ɗabi'a ta neman gwani ta biyo Musulunci har ƙasashenmu na yamma. Da Sarkin Mali Mansa Musa ya yi aikin hajji a 1324, ya dawo tare da wani malami mutumin Andalus, Abu Ishaƙa Assahili, wanda ya gina masa zauren fada mai tuluwa. Shi ake jingina wa babban masallacin Jingarebar na Tambutu, wanda aka soma wajen 1327. Ko da yake baƙo ne ya zo da shawara, da ƙasar wurin aka yi ginin, maginan garin kuma su ne suke sabunta yaɓensa har ya kai ga zamaninmu.

A nan gida, hasumiyar Gobarau da ke birnin Katsina, mai tsawon kimanin ƙafa 50, ana danganta asalinta da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Riwayar baka ta ce kafin a soma ginin sai da malamai suka yi jayayya a kan alƙibla, har wani malami, Jodoma, ya raba gardama. Riwayar ta ƙara da cewa daga baya ya bar birni ya koma Guga, a ƙasar Bakori maƙwabciyarmu, can ya rasu. Abin lura a nan shi ne, ba a bar magini shi kaɗai ba. Malami ya tsai da alƙibla, magini ya tsai da bango, kowa da fagensa.

Babban Gwani na Zariya

Duk wanda zai yi maganar gini a ƙasar Hausa tilas ya ambaci Malam Mika'ilu, wanda wasu suke kira Muhammadu Durugu, aka fi saninsa da Babban Gwani. Shi ne ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Ana kuma jingina masa wasu soraye a fadar Kano da ta Bauchi. Har yau akwai unguwa a birnin Zariya mai ɗauke da sunansa.

Domin a gane gwanintarsa sai an san kayan aikinsa. Ba shi da rodi, ba shi da siminti. Abin da yake da shi tubali ne, da ƙasa kwaɓaɓɓiya da ciyawa, da azara wadda ake tsagawa daga itacen giginya. Azara tana da ƙarfi, gara kuma ba ta cika cinta ba, amma gajera ce. In an shimfiɗa ta a ɗora mata nauyin rufin ƙasa, ba ta ƙetare fiye da ƙafa shida ko makamancin haka. To, yaya za a rufe ɗakin da zai ɗauki sahu bayan sahu? Dabarar maginan Hausa ita ce su kafa azara cikin bango, su ɗaure wata a kanta ta ɗan zarce ta, su ƙara wata, hawa bisa hawa, har na wannan gefe su haɗu da na wancan a sama. Sai a lulluɓe su da ƙasa, su zama bakan gizo. A kan bakunan gizo ake ɗora tuluwa. Daga waje kuma a shafe da makuba ko laso domin kare ruwa, a sa indararo ya zubar da shi nesa da gindin bango. Babban Gwani ya kai wannan ilimi matuƙa, har masana gini na duniya suka riƙa zuwa Zariya suna auna aikinsa. Wani masani mutumin Folan, Dmochowski, ya zana shi dalla-dalla, aka kuma gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Mutanen Sabuwa da Faskari sun san labarin da ake bayarwa game da ƙarshensa, tun da yake a maƙwabtanmu aka ce ya faru. Ana cewa ya gina masallaci a Birnin Gwari, da aka ga kyansa sai aka halaka shi domin kada ya gina wa wani gari wanda ya fi shi. Labari ne na kaka da kakanni, amma yana nuna yadda mutanen da suke kallon darajar gwani, yana kuma gargaɗi a kan hassada, wadda takan sa a yi asarar mai ilimi tare da iliminsa.

A wancan zamani magina suna da shugaba, Sarkin Magina. Yaro yakan soma da ɗebo ruwa da miƙa tubali, ya shekara da shekaru kafin a bar shi ya ɗaura azara. Mai son gini yakan je ya ga sorayen da magini ya yi, ya tambayi masu su damina nawa suka ci. Magini kuwa ɗan gari ne, in bango ya tsage an san ƙofar gidansa.

Manomin Yama

Kada a zaci wannan ilimi ya ƙare da ƙarni na 19. A ƙauyen Yama, cikin jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, dattawan gari sun yanke shawarar gina masallacin Juma'a a 1962. Suka ba wani ɗan garinsu aikin, Falke Barmu, manomi ne kuma magini. Jama'a suka yi gayya, wasu tubali, wasu ruwa, wasu itace. A 1975 ya sake rufin, ya sa bakunan gizo da tuluwa, daga baya ya ƙara hasumiyoyi huɗu a kusurwoyi. A 1986 masallacin ya sami lambar yabo ta Aga Khan, wadda ake ba fitattun gine-gine na duniyar Musulmi. Dattawan Yama sun zaɓi mutumin da suka san hannunsa, shi kuma ya zauna da aikin shekara 20.

Zamanin siminti

Da Turawa suka zo, jirgin ƙasa ya ratsa ta Funtuwa, kwano da siminti suka soma shigowa ƙasarmu. Arzikin man fetur na shekarun 1970 ya ƙara yaɗa bulo da kankare har ƙauyuka. Aikin da da Sarkin Magina yake yi shi kaɗai sai ya rabu gida uku. Akwai mai zanen gini, wanda yake tsara fasali da ɗakuna da mashigar iska da haske. Akwai injiniya, wanda yake lissafin nauyi da kaurin rodi da zurfin harsashi. Akwai ɗan kwangila da birkilolinsa da kafintocinsa, masu aiwatarwa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, ta daɗe tana horar da na farko da na biyu. Gwamnati kuma ta kafa hukumar rajistar masu zanen gini, ARCON, a 1969, da ta injiniyoyi, COREN, a 1970. Su ne a yau suke matsayin shaidar da Sarkin Magina yake bayarwa.

Sai dai sauƙin samun siminti ya jawo wata ɓarna. Kowa ya riƙe cokalin gini wata shida sai ya ce shi magini ne. Kankare kuwa yana ɓoye aibinsa. Bangon ƙasa yakan nuna rauninsa a hankali, amma ginshiƙin da aka rage wa rodi ko aka cika wa yashi yana nan sumul har ranar da zai karye.

Ko ginin gwani ma yana bukatar mai duba shi. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, wani sashe na tsohon masallacin Zariya ya rufta ana sallar La'asar, mutane da dama suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Mai Martaba Sarkin Zazzau ya bayyana cewa an ga tsaga a bangon kwana ɗaya kafin haka, ana kuma shirin kawo injiniyoyi. Ginin ya kusa shekara 190 yana tsaye, wannan shaida ce ga maginin. Amma abin da ya faru ya koya mana cewa in an ga tsaga a gini, a fitar da mutane tukuna, a nemo masani nan take.

Abin da tarihi ya bar mana

Zaɓenmu bai ƙare da zanen taswira ba. Akwai sauran masu ɗaura rodi da masu zuba kankare da masu rufi. Haka kuma kowane magidanci a cikinmu watarana zai gina ɗaki ko ya sake fasalin gidan gado. Ga abin da muka tsinta.

Na farko, a zaɓi mutum saboda iyawarsa. Ɗan'uwa ko suruki in ya iya, madalla. In bai iya ba, a taimake shi ta wata hanya. Arha kuma ba ta ado: wanda ya fi kowa rage farashi, sau da yawa a rodi da siminti yake fanshewa.

Na biyu, gani ya kori ji. A je a duba ginin da ya yi wanda ya ci damina biyar ko fiye, a gana da mai ginin ba a gabansa ba. In babban aiki ne ko bene, a nemi shaidar rajistarsa.

Na uku, ya san ƙasarmu da al'adarmu. Ruwan sama a kudancin Katsina ya fi na arewa yawa, kuma muna da wuraren laka mai kumbura da damina ta tsage da rani, muna da wuraren dutse. Wanda bai zo ya haƙa ya ga ƙasar fili ba, bai kamata ya yanka zurfin harsashi ba. A gida kuwa ya san amfanin zaure da tsakar gida da sirrin iyali, kada ya buɗe taga a kan gidan maƙwabci ko ya juya masa indararo.

Na huɗu, a yi lissafi kafin a fara, a kuma rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, kamar yadda addini ya horar da mu game da bashi. In kuɗi bai kai ba, a rage girma kamar yadda Ƙuraishawa suka yi, kada a rage ƙarfi. Mai duba aiki kuma ya zama dabam da mai sayen kaya.

Na biyar, a nemi wanda za a same shi bayan an gama, a kuma ware wani abu domin gyara tun yanzu.

Muna roƙon 'yan kwamiti su riƙe wannan amana, jama'a kuma su riƙa tambaya cikin ladabi, domin dukiyarsu ce, kuma 'ya'yansu ne za su yi sahu a ciki. Allah Ya saka wa duk wanda ya ba da gudummawa, mai yawa da mai kaɗan. Allah Ya haɗa mu da ma'aikata masu tsoronSa, Ya dawo mana da zaman lafiya a garuruwanmu da dazuzzukanmu, Ya nuna mana ranar buɗe wannan masallaci. Amin.