Fagen Fama da Wajen Rabo: Matsayin Ƙabila a Littattafan Tarihin Jihadin 1804 ta Fuskar Malam Abdussalami

Tsakure

Maƙalar ta bi diddigin yadda littattafan tarihi suka fassara jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta fuskar jinsi da ƙabila. Ta ɗauki rayuwar Malam Abdussalami na Gimbana a matsayin ma'auni, ta gano cewa ƙabila ba ta shata layin daga a 1804 ba, amma dangantakar jini ta yi tasiri ainun a rabon ƙasa da muƙamai bayan nasara.

Gabatarwa

Har gobe ana koya wa yara cewa Fulani sun yaƙi Hausawa sun ƙwace mulki. A jami'a kuma akan ce batun ƙabila ƙagen Turawa ne kawai. Maƙalar nan na jayayya da ɓangarorin biyu, domin kowannensu ya riƙe rabin labari ya saki rabi.

Bitar Ayyukan Magabata

Fassarar jinsi ta zo ne tare da mamaya. Da Sakkwato ta faɗi a watan Maris na 1903, Gwamna Lugga ya kafa hujja a jawabinsa cewa Fulani da takobi suka karɓi ƙasar, don haka abin da suka samu da yaƙi ya koma hannun Ingila da yaƙi. Wannan hujja ba za ta tsaya ba sai an mai da jihadin mamayar baƙi. Uwargidansa, Flora Shaw, ta faɗaɗa ra'ayin a A Tropical Dependency (1905), inda ta jingina ci gaban ƙasashen Sudan ga jinsunan da take ganin sun gangaro daga arewa. C. G. Seligman ya yi masa rigar kimiyya a Races of Africa (1930), ya danganta wayewar Afirka ga waɗanda ya kira Hamawa, makiyaya masu hasken fata, ya kuma sanya Fulani cikinsu. Amfanin wannan ga mulkin mallaka a fili yake: an samu jinsin da aka ce an halicce shi don sarauta, sai a yi mulki ta hannunsa.

A 1967 littattafai biyu suka fito a kan daula ɗaya. H. A. S. Johnston ya kira ta daular Fulani, Murray Last kuwa, wanda ya dogara ga rubuce-rubucen Larabci na gidan Wazirin Sakkwato, ya kira ta halifanci. Daga nan malaman Zariya, ƙarƙashin Abdullahi Smith, suka rusa ginin Hamawa. Yusufu Bala Usman a The Transformation of Katsina (1981) ya nuna cewa tsarin sarauta, sana'a, ƙaura da mazauni sun fi sunan ƙabila bayyana abin da ya faru. Gyaran ya yi daidai. Matsalar ita ce wasu masu bin sawunsa sun mai da shi tamkar hani, har ambaton ƙabila ya zama abin kunya a nazarin jihadi.

Hanyar Bincike

An kwatanta littattafan nan da Infaƙul Maisuri da Sardul Kalami na Muhammadu Bello, da Tazyinul Waraƙati na Abdullahi Ɗanfodiyo. Tambaya biyu aka yi wa kowanne: wa ya tsaya a wane sahu, kuma wa ya samu me.

Sakamako

Amsar tambaya ta farko ba ta da wuya. Marubutan jihadin da kansu sun ambaci Azbinawa da wasu Fulani a rundunar Sarkin Gobir Yunfa a Tafkin Kwatto, a watan Yuni na 1804. Zamfarawa, da ke da tsohon haushin Gobir, sun ba jama'ar Shehu mafaka kafin su juya mata baya. Yakubun Bauchi, wanda ya karɓi tuta, Bageri ne.

Labarin Abdussalami ya fi duk waɗannan nauyi. Bahaushe ne Ba'are, almajirin Shehu mai tarin mabiya. A zamanin Sarki Nafata ya bar Gobir ya zauna a Gimbana ta ƙasar Kabi. Dakarun Yunfa suka auka wa garin, suka ɗaure mutanensa, suka biyo da su ta kusa da Ɗegel, inda jama'ar Shehu suka tare su suka kwance kamammun. Wannan ne ya ɓata tsakanin Yunfa da Shehu har aka yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Ke nan yaƙin da aka laƙaba wa sunan ƙabila ɗaya ya tashi ne a kan ceton mabiyan malami Bahaushe. Fassarar Seligman ba ta da inda za ta ajiye wannan mutum.

Sai dai fassarar da ta share ƙabila ma ba ta da inda za ta ajiye shi bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808. A rabon 1812 gabas ta koma hannun Bello, yamma hannun Abdullahi, manyan yankuna kuma hannun shugabannin zuriyoyin Fulani irin su Muhammadu Moyijo da Aliyu Jeɗo. Abdussalami ya samu 'yan garuruwa ƙarƙashin Abdullahi, daga baya aka dawo da shi Kware, kusa da Sakkwato, inda ido zai riƙa kai wa gare shi. Da Shehu ya rasu a watan Afrilu na 1817, Abdussalami ya yi tawaye. Wasiƙun da ya aika wa Bello, kamar yadda Sardul Kalami ya adana su, sun ƙunshi kuka biyu: zaluncin da ya ce ya yaɗu cikin jama'a, da ƙanƙantar rabonsa idan aka auna da na takwarorinsa. Bello ya mai da martani da hujjar fiƙihu, ya zarge shi da haɗa kai da abokan gaba. An ci Kware, Abdussalami ya rasu a farkon 1818.

Abin da ya fito fili shi ne rabon ya bi hanyar auratayya, zumunci da yawan mayaƙan da kowace zuriya ta kawo, wato naka sai naka. Babu alamar aƙidar fifikon jinsi irin ta Turai a hujjojin Bello. Shaida kuwa ita ce ɗan Abdussalami, Buhari, ya daidaita da Gwandu ya kafa Jega, inda zuriyar Gimbanawa ke sarauta har yau.

Iyakar Binciken

Dole a yarda cewa muryar Abdussalami ta iso gare mu ne ta alƙalamin wanda ya ci shi da yaƙi. Haka kuma nazarin bai wuce Gobir, Kabi da Sakkwato ba. Kano da Zazzau na da nasu yanayi. Wannan bai rage ƙarfin hujjar ba, tunda Bello ba shi da ribar ƙirƙiro kukan da ke sukar rabon gidansu.

Kammalawa

Littattafan mallaka sun kalli waɗanda suka hau gadon sarauta suka yanke hukunci a kan musabbabin yaƙi. Wasu masu gyara sun kalli musabbabin yaƙi suka kau da kai daga rabo. Ya kamata manhajar tarihi ta raba shekarun 1804 zuwa 1808 da na 1812 zuwa 1818, ta kuma sanya tawayen Kware cikin darasi.