Daga Zauren Madabo Zuwa Rumfar Littafi: Yadda Marubucin Kano Ya Zama Mawallafin Kansa

Idan ana zancen tarihin ƙagaggun labarai na Hausa, yawanci Zariya ake fara ambata, kuma da hujja. Can ne Rupert East ya shirya gasar 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da kuma Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin. Can ne kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, daga baya NNPC ya biyo a 1966. Sai dai marubutan da suka cika kasuwa da littattafai daga tsakiyar shekarun 1980 ba ta wannan ƙofar suka shigo ba. Tasu hanyar ta fi kama da wadda littafi ya saba bi a cikin birnin Kano tun kafin zuwan boko, kuma duk mai son fahimtarta sai ya leƙa unguwanni irin su Madabo.

Madabo tana cikin badala, ba nisa da Dala da kasuwar Kurmi. Tarihi ya danganta ta da Wangarawa, malaman da suka zo daga ƙasar Mali ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zaite. Littafin tarihin sarakunan Kano ya sa zuwan nasu a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385), wasu masana kuwa suna kai shi zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), wanda shi ne ya kafa kasuwar Kurmi. Ko wanne aka ɗauka, unguwar ta yi ƙarnoni tana matsayin makaranta, ta yi suna wajen karatun fiƙihu, har shugabanta ake kira Babban Malami.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne yadda littafi ke yawo a irin wannan wuri. Babu kamfani, babu edita. Ɗalibi kan ari littafin malaminsa ya kwafe da alƙalamin kara da tawada. Mai hali kan biya magwanin rubutu ya kwafa masa. Badukai su yi masa gafaka, takarda kuwa a Kurmi ake saye. Da injin ɗab'i ya samu, tsarin bai rushe ba. A shekarun 1950 da 1960 ƙananan maɗaba'u na Kano, irin su Oluseyi da Adebola, sun riƙa buga littattafan Larabci da waƙoƙin ajami, sau da yawa da rubutun hannun makwafi aka ɗauki hotonsa. Mawallafin ko wani attajiri ke biyan kuɗin bugu, a ɗauko kaya a kai wa masu rumfa a Kurmi, fatake su wuce da su garuruwa. Wato tun a lokacin Bakano ya san cewa mutum na iya fitar da littafi ba tare da ya jira izinin kowa ba.

A ɓangaren boko kuwa ƙofa ƙunci gare ta. Kamfanonin ɗab'i sun fi damuwa da littafin da za a sa a manhajar makaranta, don nan ne ciniki yake. Marubuci kan aika rubutunsa ya zauna jiran amsa, kuma galibi sai an shirya gasa sannan sabbin sunaye ke fitowa. Gasar NNPC ta ƙarshen shekarun 1970 ce ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, waɗanda aka buga a 1980. Gasar Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya ta ba da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare a 1982. Littattafai ne masu kyau, amma a yatsu ake ƙirga su, alhali shirin ilmin firamare na bai ɗaya da aka fara a 1976 ya riga ya yaye dubban samari da 'yan mata masu iya karanta Hausa. Ga masu karatu, babu abin karantawa. Sai kuma tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin suka ja baya.

Cikin wannan giɓi ne Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina a 1984, littafin da masu nazari da yawa ke ɗauka a matsayin mabuɗin sabon zamani. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana ƙarama, ta fito da Budurwar Zuciya a 1987. Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya tashi a Zangon Barebari cikin birni kuma ya samu bokonsa ta ajin yaƙi da jahilci, ya fitar da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990. Su biyun nan da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yangurasa suna cikin jigogin ƙungiyar Raina Kama, sunan da shi kansa amsa ce ga masu yi musu kallon ba su isa ba. Mai karatu ya lura da sunayen: da gida da unguwa marubutan ke kiran kansu, kamar yadda malaman zaure suka saba.

To yaya sana'ar take? Marubuci ya rubuta labarinsa da biro a littafin makaranta, ya kai wa mai keken rubutu, daga baya mai kwamfuta. Ya nemo kuɗin takarda da na faranti, ko daga aljihunsa, ko rance, ko gudunmawar miji ko ɗan'uwa. Ya sa a zana masa bango. In an buga, ya ɗauki kaya ya kai wa dillalai a Sabon Gari, da Kurmi, da Jakara. A nan ne gizo ke saƙar, domin galibi bashi ake karɓa, sai an sayar a biya. In kuɗi sun dawo da wuri, a buga na biyu. In sun maƙale, marubuci ya zauna. Da tafiya ta yi nisa wasu dillalan suka koma sayen rubutun ɗungurungum, su buga da kansu, su sake bugawa sau nawa suka ga dama, marubuci kuwa abin da ya karɓa ranar farko shi ke nan. Ga kuma shagunan haya a unguwanni, inda kwafi guda zai zaga gidaje da dama ba tare da kwabo ya isa ga mai shi ba.

Wannan hali na kasuwa shi ya sassaƙa salon rubutun. Raba labari kashi biyu, uku ko huɗu dabara ce ta mai ƙaramin jari: kowane kashi siriri ne yadda 'yar makaranta za ta iya saye, kuma cinikin na ɗaya ke buga na biyu. Saboda haka dole marubuci ya ƙware wajen tsayar da labari a daidai inda ran mai karatu zai tsaya. Dole ya yi amfani da Hausar da ake yi a tsakar gida, ya yawaita hira tsakanin taurari, ya taɓo abin da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya. In Da So Da Ƙauna labari ne na Sumayya 'yar masu kuɗi da Muhammad ɗan talakawa, da abin da auren dole ke jawowa. Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba, wanda ya fito a 1990, labarin Rabi ne, uwar 'ya'ya tara, wadda mijinta ɗan kasuwa ya kora bayan ya yi amarya, ta koma sayar da abinci don ta riƙe yaranta. Aikin edita kuwa masu karatu suka ɗauka, ta wasiƙun da suke aikawa adireshin da ke cikin littafi. Illar rashin editan gaske ma ba ta ɓoyu ba: kurakuran ƙa'idar rubutu, da maimaita jigo guda, da gaggawar fitar da abin da bai nuna ba.

A kan waɗannan ne muhawara ta kaure a jaridu cikin shekarun 1990. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa harkar suna Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta ta da abin da aka yi a Onica, yana ganin ba za ta daɗe ba. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya kan cewa adabi ne na zamaninsa da ya cancanci nazari, Ibrahim Sheme kuma ya buɗe wa ɓangarorin fili a shafin adabi na New Nigerian. Ana cikin haka fim ya shigo. Bayan da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da nata fim ɗin bidiyo a 1990, marubuta da dama suka karkata can, aka mayar da littattafai irin su In Da So Da Ƙauna da Alhaki Kwikwiyo finafinai.

Hukuma ma ta sa baki. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001. A 2007 aka ƙona wasu littattafan hikaya a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. A 2008 hukumar tacewa ta nemi kowane marubuci ya yi rajista, ƙungiyar marubuta ta ANA reshen Kano ta ƙi amincewa, har aka kai ga zaman sulhu. Amma duk da haka ba takunkumi ne ya durƙusar da kasuwar littafin takarda ba, wayar hannu ce. Labaran sun koma Facebook da Wattpad da zaurukan WhatsApp, inda marubuciya ke sakin shafi-shafi, ta ba da somin-taɓi kyauta, mai son ci gaba ya tura kuɗi ta banki. Dillali ya fita daga tsakani, amma mai satar fasaha ya maye gurbinsa, don dannawa guda ta isa a raba littafi ga ɗaruruwan mutane.

Girmamawa ta zo, ko da a makare. An fassara Alhaki Kwikwiyo Ne zuwa Ingilishi, Aliyu Kamal ya yi aikin, kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga a 2012. Gidan Dabino ya samu lambar girma ta ƙasa, MON, a 2014. Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta mata a 2016, inda Aisha Muhammad Sabitu ta yi nasara da labarinta Sansani.

Abin da ya rage a yi tunani a kai shi ne adanawa. Littattafan da aka kwafa da hannu a zaurukan birni sun kai ga jikoki saboda an ɗauke su dukiya, ana gadonsu kamar gida da gona. Littattafan hikaya kuwa a kan takarda mai araha aka buga su, da yawa ba shekarar bugu a jikinsu, kuma sau da yawa shi kansa marubucin ba ya da kwafin aikinsa na farko. Ɗaya daga cikin manyan tarinsu yana Jami'ar Landan, inda Graham Furniss ya tattara. Waɗanda ke cikin waya sun fi kowanne rauni, domin ranar da aka rufe zaure ko manhaja, kamar yadda OkadaBooks ta rufe a 2023, labari na iya tafiya da ita. Ya kamata ƙungiyoyin marubuta, da Jami'ar Bayero, da ɗakunan karatu na jiha su tashi su tattara waɗannan littattafai, su rubuta sunan kowane da shekararsa, tun waɗanda suka rubuta su suna raye za a iya tambayarsu.