Yadda Hasken Leza Ke Karanta Faifan Blu-ray

Faifan CD da DVD da Blu-ray faɗinsu ɗaya ne, santimita 12, amma abin da suke ɗauka ya sha bamban: CD megabait 700, DVD gigabait 4.7, Blu-ray kuwa gigabait 25 a shimfiɗa guda. Asalin wannan bambanci yana ga irin hasken da ke karanta su.

A jikin faifai akwai ƙananan ramuka da ido ba ya gani, jere bisa layi guda da ya naɗe daga tsakiya zuwa baki. Yayin da na'ura ke juya faifan, tana harba siririn hasken leza ta cikin gilashin da ke tattara shi wuri ɗaya. Hasken yakan daki faifan ya dawo, ƙarfinsa na sauyawa duk inda rami ya fara ko ya ƙare. Wannan sauyi ake mayarwa lambobi, su zama hoto da sauti.

Gwargwadon gajartar zangon haske, gwargwadon ƙanƙantar ɗigon da yake sauka a kai. Zangon hasken CD nanomita 780 ne, jan hasken DVD 650, na Blu-ray mai shuɗi-shuɗi kuwa 405 kacal. Shi ya ba da damar ƙanƙanta ramukan da matse layukan.

Sai dai bayanan Blu-ray na kwance milimita 0.1 daga fuskar faifan, saɓanin 0.6 na DVD, don haka ƙarzuwa kaɗan na iya ɓata su. Fayafayan farko da aka sayar a Japan a 2003 cikin kwanso suke, kafin a samar da rufi mai tauri da ya maye gurbinsa.