Zakin Fijo a Hanyar Ɗambatta

Tun da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, Fijo 504 ta zama jakar hanyar Kano zuwa Ɗambatta da Kazaure: buhunan gero a but, fasinja har kan giya. Amma tambarin zakin da ke hancinta bai cika daɗewa ba. Kawuna direba da hannunsa ya ɓamɓare nasa da sukundireba, ya adana a aljihun mota, don yaran tasha kan sace su sayar. Wasu kuma wajen fenti ake cirewa, a toshe ramukan, mai rubutu ya rangaɗa "Allah Ya kiyaye hanya" a baya. Ni dai na fi ganin mutuncinta haka, domin daga nesa mutanen ƙauye ke gane motar wane ce tafe.